In na tafi hutun haihuwa, wa zai riƙa karanta wa Malam takardun ofis?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina aiki a sashen mulki na wata ma'aikata, kuma muna da abokin aiki makaho, Malam muke ce masa. Babban mutum ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, a kan aikinsa kuwa babu mai ja da shi. Yana da kwamfuta da manhajar da ke karanto masa rubutu a kunne. Matsalar daga wurinmu take. Oga zai sa hannu a takarda, a buga hatimi, a ɗauke ta a hoto da waya, a jefa a zaurenmu na WhatsApp. Shi a wurinsa babu abin da ya iso, domin manhajar "hoto" kawai take ce masa ta yi shiru.

Shekara biyu ke nan ni nake sake buga masa kowace takarda in tura masa, kuma wallahi ban taɓa jin nauyin abin ba. To ranar Talata zazzaɓi ya kwantar da ni, aka sauya lokacin taro, kowa ya sani ban da shi. Ya zo ya tarar an watse. Bai ce komai ba, amma ni abin ya tsaya min a rai, ga shi wata mai zuwa zan tafi hutun haihuwa in Allah ya kai mu.

Ta ina ake fara gyara irin wannan? A rubuta ƙa'ida ce, ko a horar da ma'aikata, ko kuwa sai halin mutane ya sauya tukuna? Ba na so abin ya ci gaba da rataya a wuyan mutum ɗaya.

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya Anti. Ai wannan mai sauƙi ne, akwai manhajojin da ke ciro rubutu daga cikin hoto, ko Google Lens ma yana yi. A saka masa a waya, shi ke nan.

Abu_Basira:
@Ɗan_Fagge na gode da niyyarka ɗan'uwa, amma bari in gaya maka yadda abin yake, domin ni ma makaho ne, da irin wannan manhajar nake rubuto muku yanzu. Duk muna da masu ciro rubutun nan, muna kuma amfani da su kullum. Sai dai takardar da aka ɗauka a karkace, inuwar hannun mai ɗauka ta rufe rabinta, hatimi ya hau kan kwanan wata, me kake zaton za ta fito da shi? Ƙarfe 10 ta koma ƙarfe 16. Jadawali kuwa sai ya cakuɗe, sunan wani ya haɗu da lambar wani. In da Hausa aka rubuta, haruffa masu lanƙwasa su ne farkon waɗanda ke ɓacewa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, takardar nan fa a kwamfuta aka buga ta tun farko. Rubutun yana nan lafiya lau a hannun sakatare. Mu ne muke mayar da shi hoto, sannan mu ce makaho ya je ya yi fama ya dawo da shi rubutu.

Akwai kuma maganar sirri, wadda masu ido ba su cika tunawa da ita ba. An taɓa ba ni takarda a rufe a wurin aiki, babu kowa kusa sai masinja, na ce ya karanta min. Ashe maganar albashina ce da wani bashi da ake cirewa. Kafin la'asar har mai shayin bakin ƙofa ya san nawa nake ɗauka. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, manhajar bankin da nake hulɗa da shi duk maɓallanta ba su da suna, sai ka ji "maɓalli, maɓalli, maɓalli", ba ka san wanne ne na turawa ba, wanne ne na sokewa. Dole na ba yaron maƙwabci lambar sirrina. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, yaro ɗan sakandare ne ya san abin da ke asusuna.

Ummu_Salma:
Innalillahi. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa.

Barista_H:
@Maman_Haidar ki fara da sanin cewa ba alfarma kike nema masa ba. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ita ce ta kafa hukumar kula da su ta ƙasa, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Tarar nuna wariya naira miliyan 1 ce ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Sannan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu tun 2010, kuma sashe na 9 ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara, ba matakala da ƙofa kaɗai ba.

Ki duba, in doka ta ce ka ɗauki mutum aiki, kai kuma ka riƙa fitar da umarnin aikin ta hanyar da ba zai iya karantawa ba, ai ka ɗauke shi ne a takarda kawai.

Alhaji_Tanko:
Barista, da girmamawa, dokar nan mun ji ta. Wa'adin ya cika, ki zaga sakatariyoyi ki ƙirga min nawa ne mai keken guragu zai iya hawa benensu. Abin da ake gani da ido ma ba a yi ba, balle na cikin kwamfuta. Ofishin da babu wuta, ma'aikaci da kuɗinsa yake sayen data, shi za a ce ya zauna yana gyara takardu don mutum ɗaya? Ni a ganina a samu wata ta karɓi aikin Maman Haidar kafin ta dawo. Haka muka saba, muna taimakon juna.

Injiniya_Bash:
Ranka ya daɗe @Alhaji_Tanko, gina hanyar hawan keken guragu yana cin siminti da kuɗi. Tura fayil ɗin da aka riga aka buga ba ya cin ko sisi, hasali ma ya fi hoto sauƙin data.

Ni aikina gina shafukan intanet da manhajoji, kuma zan faɗi abin da ya faru da ni. Na gama digiri a kimiyyar kwamfuta ban taɓa jin malami ya ambaci makaho ko kurma a aji ba, ko sau ɗaya. Na gina wa wata makaranta shafin rajistar ɗalibai, na saka waɗannan karkatattun haruffan da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Bayan wata biyu aka kawo min wani ɗalibi makaho da ƙanensa, ya ce kullum a nan yake tsayawa. Na zauna kusa da shi ya sa min abin sauraro a kunne ɗaya, na ji yadda shafina yake a wurinsa. Fom mai gurabe goma sha biyu, kowanne manhajar sai ta ce "wurin rubutu", babu suna. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Daga baya na gano ashe akwai ƙa'idojin gina shafi yadda kowa zai iya amfani da shi tun tuni. Ana ce musu WCAG, ƙungiyar W3C ce ke fitar da su, na farko a 1999, sai na 2008, na 2018, na baya-bayan nan kuma a Oktoban 2023. Suna da matakai uku, A da AA da AAA, yawancin hukumomi na tsakiyar suke nema. Abubuwa ne irin su a rubuta wa kowane hoto bayani, a sa wa kowane gurbin fom suna, kalar rubutu ta bambanta sosai da ta bango, kuma komai ya yiwu da allon madannai kaɗai. Duk mai shafi a nan ya gwada: cire linzamin kwamfutarka, ka bi shafin da maɓallin Tab. In ka maƙale, to akwai waɗanda kullum a nan suke maƙalewa.

Ba mu kaɗai ba ne. Cibiyar WebAIM ta Amurka tana duba shafuka miliyan 1 duk shekara tun 2019, kuma kowane karo fiye da kashi 90 cikin 100 suna da kurakurai.

Amsata ga tambayar: a fara daga kwangila. Duk ma'aikatar da za ta ba da aikin shafi ko manhaja ta rubuta a sharuɗɗa cewa sai ya cika matakin AA, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai masu amfani da manhajar karatu sun gwada. Mu 'yan kwangila abin da aka rubuta muke yi.

Alhaji_Tanko:
To na ji ta fayil. Amma wanda zai rubuta sharaɗin kwangilar shi ma ai bai san abin ba.

Malama_Rabi:
Alhaji ka taɓo inda nake. Ina koyarwa a jami'a, kuma abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne. Ilimin nan mun killace shi a sashen ilimi na musamman, kamar su kaɗai ya shafa. Jami'ar Jos na da sashen, Bayero na da shi, ga kwalejin ilimi ta musamman a Oyo. Suna yaye ƙwararru, amma wanda zai gina shafin banki ba a can yake karatu ba, haka wanda zai zama sakatare ko jami'in sayayya.

Akwai ƙofa a buɗe. Sabon tsarin darussa da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya tsara kashi 70, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. Ni ba na ma goyon bayan a ware kwas guda a ce ga na nakasa, domin ɗalibai za su haddace su ci jarrabawa su manta. A cusa shi cikin abin da ake koyarwa. Mai koyon gina shafi a rage masa maki in fom ɗinsa ba shi da sunaye, mai koyon aikin jarida a tambaye shi ina rubutun ƙasan bidiyonsa, mai koyon aikin ofis a nuna masa yadda ake saka kanun rubutu na gaskiya a Word maimakon ƙara wa haruffa girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu malamai ma da namu. Muna ɗaukar tsohon littafi a hoto shafi-shafi mu tura wa ɗalibai, ɗaliba makauniya ta bi ƙawaye tana roƙon a karanta mata tana naɗa a waya. Na yi haka shekaru kafin wata ta zo ofis ta gaya min.

Sadiq_Kurma:
Ina karanta ku tun ɗazu. Duk maganar makafi ake. Ni kurma ne. A wurin aikina matsalata kishiyar ta Malam ce. Oga ba ya son rubutu, saƙon murya yake turawa, minti huɗu, minti biyar. Kowa ya sa alamar babban yatsa. Ni ina kallo. Sai na bi wani in ce me aka ce, ya ba ni a layi ɗaya, sauran ya ce ba muhimmi ba ne. Shi ya yanke min abin da ke muhimmi.

Taron intanet ma haka. Babu rubutu a ƙasa, babu tafinta. In an kawo tafinta a babban taro, sai mai kyamara ya yanke shi daga hoton.

Kuma ku sani maganar hannu ba ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantu daga ta Amurka ta samo asali. Akwai kuma tamu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da unguwa tun kaka da kakanni. Kafin a ɗauko tafinta a tambayi kurman wacce yake ji.

Abu_Basira:
@Sadiq_Kurma ka yi gaskiya ɗan'uwana, kuma ka tuna min laifina. Ni saƙon murya ne abin da na fi so, ina tura shi a zauruka ban taɓa tunanin akwai wanda na bari a baya ba. Rubutu na gaskiya shi ne ya haɗa mu: kai ka gani, ni a karanto min.

Ɗan_Fagge:
Don Allah tambaya, ba da wata manufa ba. Na ga ana ta cewa makaho, kurma. Ba an ce yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa ba?

Hajiya_Mairo:
Haka ake faɗa a rediyo, kuma ya fi "naƙasassu" daɗin ji.

Abu_Basira:
Ni dai makaho ne, ba na jin kunyar kalmar. A garuruwanmu har Sarkin Makafi muna da shi. In ka ce "mai buƙata ta musamman" ba ka gaya wa sakatare abin da zai yi ba, buƙatar tawa da ta Sadiq ba ɗaya ba ce kamar yadda kuka gani. Wasu 'yan uwanmu sun fi son sabuwar kalmar, a kira kowa da abin da ya zaɓa. Abin da ba na so shi ne a gyara suna a bar takarda a hoto.

Malam_Nura:
Ina so in koma kan maganar @Alhaji_Tanko ta taimakon juna. Taimako abu ne mai kyau, Allah ya ba Maman Haidar lada. Amma mun saba ganin makaho a matsayin wanda ake ba sadaka, shi ya sa ko a ofis da wannan idon muke kallonsa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladani ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa ya kula da Madina in zai fita. Amana aka ba shi. Wanda aka ba amana kuwa haƙƙinsa ne a ba shi kayan aiki.

Zinariya_HR:
Bari in ba ku labarin wurin da aka gwada, don kada a ɗauka rubuta ƙa'ida shi ne ƙarshe. A ƙungiyar da na yi aiki a baya mun samu shugaba mai kishin abin. Aka rubuta ƙa'ida shafi shida, aka yi bita ta kwana biyu a otal, aka raba riguna ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Wata takwas komai na tafiya. Aka yi masa sauyin wurin aiki, sakatarorin da aka horar biyu suka tafi, sababbi suka zo babu wanda ya gaya musu. Kafin shekara mun koma gidan jiya, ƙa'idar tana cikin kabad.

Abu ɗaya ne ya tsira. Mun sauya samfurin takardar ofis da ke kwamfutocin kowa, wanda ake buɗewa a cike. Kanun rubutu, girman haruffa, tsarin jadawali, duk an saita. Waɗanda ba su taɓa jin labarin bitar ba suna fitar da takarda mai kyau ba tare da sun sani ba. Da zan sake, ba zan kashe kuɗi a otal ba. Zan sa abin a horon sababbin ma'aikata, a takardar miƙa aiki, da fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara, sannan a ambaci muƙamin da alhakin ke kansa, ba sunan mutum ba.

Barista_H:
@Zinariya_HR amma da babu ƙa'idar a rubuce, da wace hujja kuka sauya samfurin? Kuma ranar da aka take haƙƙin wani, da me zai kai ƙara? A Ingila tun 2018 dole shafukan hukumomin gwamnati su wallafa bayanin inda suka cika ƙa'ida da inda suka gaza. Tarayyar Turai daga 28 ga Yunin 2025 ta ɗora wa bankuna da shagunan intanet wajibin gyara shafukansu. A Amurka ƙungiyar makafi ta kai kamfanin manyan shaguna na Target kotu a 2006 kan shafinsa, aka sasanta a 2008 kan dala miliyan 6. Ba kyawun hali ne ya motsa su ba.

Zinariya_HR:
Ban ce kada a rubuta ba Barista. Na ce kada a rubuta a tafi barci.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan wata matsalar ce a kan taku. Wayoyinmu da Faransanci suke, in ƙanwata makauniya ta samu saƙo da Hausa, muryar Faransanci ce ke karanta shi. Wani lokaci sai ta saurara sau uku kafin ta gane. Kalma irin "ƴaƴa" kuwa ba ta fitowa ko kaɗan. Masu ilimin kwamfuta na cikinmu, wa zai yi mana murya mai karanta Hausa da kyau, wadda talaka zai samu kyauta?

Injiniya_Bash:
@Issoufou_Maradi mu ma muryar Ingilishi ce ke yi mana haka. Abu ne mai yiwuwa. NVDA, manhajar karanto rubutu a kunne da makafi da yawa ke amfani da ita kyauta, makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ta a 2006 saboda tsadar waɗanda ake sayarwa. Namu aikin shi ne tara muryoyi da rubutun Hausa mai haruffa daidai. A shafi kuma akwai alamar da ake sakawa a ce wannan rubutun Hausa ne, yawancinmu ba ma sakawa.

Gargaɗi ɗaya ga masu ofisoshi: za a zo a tallata muku wani ɗan maɓalli da ake liƙawa a gefen shafi, a ce yana gyara komai. Fom ɗin da ba shi da sunaye yana nan yadda yake a ƙarƙashi.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana ku sa da mu a lissafi. Shekarata 68, ban taɓa ɗaukar kaina mai nakasa ba. Yanzu yanar ido ta fara rufe min gani, hannu yana rawa. An ce mu tabbatar muna raye ta waya don fansho. Rubutu ƙanana, toka-toka a kan fari, kafin in gama shigar da lamba lokaci ya ƙare an mayar da ni farko. Sau biyar. Na yi aikin gwamnati shekara 35, yau jikata ce ke cike min fom. Wanda duk Allah ya ba tsawon rai zai iso inda nake.

Malama_Rabi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Kuma ga shaida cewa hukuma na iya sauyawa in ta so: JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, a 2017 kuma ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta don makafi masu rubuta jarrabawar. Sai dai yaron ya ci ya shigo jami'a, ya tarar da shafin rajista irin wanda Injiniya ya ba da labari.

Maman_Haidar:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu sau biyu. Yau na samu sakatariyarmu, ta ce ita ba ta da matsala, dannawa ɗaya ce. Da muka je wurin Oga sai ya kawo abin da ban yi tsammani ba. Ya ce dalilin da ya sa ake tura hoto shi ne sa hannu da hatimi. In aka saki fayil ɗin Word, wani zai iya sauya adadi ko kwanan wata ya yaɗa da sunan ofis, kuma an taɓa yi. Gaskiya ban iya ba shi amsa ba.

Injiniya_Bash:
Damuwarsa tana kan hanya. Ba sai an saki Word ba. A adana shi a matsayin PDF kai tsaye daga kwamfuta, rubutun yana nan manhaja za ta karanta. Ko a tura biyu tare: mai hatimi ita ce ta hukuma, sannan a kwafe rubutun a liƙa a ƙarƙashinta a cikin saƙon. Kuma a gaya wa Oga hoton ma ana sauya shi, cikin minti biyu.

Alhaji_Tanko:
Wannan ta biyun ta yi min. Ni kaina na fi son in karanta a saƙo da in yi ta buɗa hoto da yatsu.

Abu_Basira:
@Maman_Haidar 'yar'uwa, tambaya ɗaya. Kin je wurin sakatariya, kin je wurin Oga, kin zo wurinmu. Shi Malam ɗin kin zauna da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila takardun sanarwa ne ƙaramar matsalarsa, wataƙila fom ɗin neman hutu ne ko na ƙarin girma da yake ba wani ya cike masa. Kuma in za a rubuta ƙa'idar, da shi za a rubuta, ya shiga wurin Oga da bakinsa.

Maman_Haidar:
Ban zauna da shi ba. Ina gudun kada ya ji kamar na gaji da shi ne. Gobe in sha Allahu zan same shi kafin a fara aiki.

Sadiq_Kurma:
In kun rubuta, ku sa layi a kan saƙon murya. Kuma wanda ke da samfurin irin wannan ƙa'idar da Hausa ya turo nan, ina so in kai wa namu ogan. A rubuce don Allah.